Sunan da Na Ba Mama Nora

Bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni. Akwai wani ƙauye a bakin tafki a ƙasar Ailan, wanda ban taɓa taka shi ba, inda duk watan Nuwamba ake karanta sunayen matattun garin, a cikinsu har da sunan wata mata 'yar ƙauyenmu na yankin Tawa. Ni na jawo wannan. Sunan kakata aka nema, na ba da na wata, na sauko daga bene ina taya kaina murnar na yi wayo. Lakwal, wato makarantar boko, shekara biyu kacal na yi, mushe malaminmu ya kore ni saboda na saka masa kwaɗo a aljihun riga, don haka kada mai karatu ya sa ran hikima daga wurina. Amma wannan wautar ba rashin boko ne ya jawo ta ba. A gaban wutar Kaka na koyo ta.

Idan an gama girbi sanyi ya sauko, Kaka takan sa a tara karan gero a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo. Mu jikoki bakwai ne ko takwas, ya danganta da wanda aka daka ranar ya yi fushi ya kwanta. Mukan binne gyaɗa a cikin toka, ita kuma ta zauna da ƙafafunta dab da garwashi tana sosa ƙaurinta da tsinken kara. Daga can ƙasan gari ana jiyo kwaɗin tafkinmu. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai dai ta ce, "Mai jin fitsari ya je yanzu. In na fara ba na tsaya wa kowa."

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai guda ɗaya da take maimaitawa duk shekara kamar shuka. Wai wata tsohuwa ce takan zauna a bakin tafki da yamma tana wanke ƙwarya ɗaya tal, ƙwaryar da ba ta taɓa fita. Ga fara'a, ga murya mai laushi. Duk yaron da ya kawo awaki shan ruwa sai ta miƙa masa magarya ta ce, "Ɗan nan, ɗan wa ne kai? Wa ta haifi uwarka?" In ya faɗa, ya gama da mai sunan. Gari na yin shiru za a ji ana kiran sunan daga tsakiyar ruwa da muryar wani na gida, mai shi ya tashi ya bi, da safe a tsinci takalmansa a gaɓa. Haka ta yi ta kwasar mutane gida-gida, har ta gamu da wani yaro shaƙiyyi. Ya karɓi magaryar ya cinye, ya ƙara miƙa hannu. Da ta tambayi sunan kakarsa ya ce mata Turmi. Da ta yi kira, sai turmin gidansu ya mirgino ta tsakiyar gari ya faɗa ruwa. Ta kai wa turmin cizo, haƙoranta suka zube, daga ranar garin ya huta.

A nan Kaka takan ɗaga tsinken nan ta nuna ni. "Kai Tanko, da kai nake, don bakinka ba shi da ƙyaure. Baƙo ya ba ka abu ka ci. Ya tambayi sunan naka, ka ba shi turmi."

Sai a ji tari daga bayan zana. Dije ce, maƙwabciyarmu, tsohuwar da take zaune ita kaɗai, ba ɗa ba jika. Shekara talatin ba sa ga-maciji da Kaka, tun ranar da akuyar Dije ta cinye kuɓewar da Kaka ta shanya. Amma ba ta taɓa fashin sauraron tatsuniyar ba.

"Ba turmi ba ne," in ji ta. "Taɓarya ce."

"Wa ya kasa da ke?" in ji Kaka. "Je ki yi wa akuyarki taki tatsuniyar."

Na girma, na yi yawon duniya, na iso New York ina da shekara arba'in da 'yan kai, da bizar wata shida wadda ta mutu ta bar ni da rai. Na kafa tebur a titin Grand Concourse, huluna da safar hannu da hunturu, laima in hadari ya haɗo. Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Highbridge da Sale, ɗan Zangon Kumasi, direban tasi. Sale ya riga ni zuwa da shekara goma, kowa Massa yake ce masa irin na 'yan Kumasi, kuma dokarsa ɗaya ce. "Massa, a ƙasar nan duk wanda ya tambaye ka daga ina kake, yana da inda zai kai maganar." Na ce masa wannan karatun tun ina ɗan shekara shida na sauke shi.

Wata yamma liftar gidanmu ta lalace, na tarar da wata tsohuwar Baturiya a gindin bene da keken siyayyarta, tana kallon matakala kamar wanda aka ce ya hau Dala a guje. Na ɗaukar mata har hawa na biyar. Ta ce sunanta Nora, ta ce da can unguwar nan duk 'yan ƙasarsu Ailan ne, wasu sun ƙaura wasu sun mutu, ita kaɗai ta rage. Ta ce sai na sha shayi. Na shiga. Ta yanko mini wani burodi mai nauyi kamar tubali, ta shafa masa man shanu, ta zauna ta zuba mini ido.

"To, su wa ne mutanenka?"

Na ɗaga kai, sai ga wani babban hoto a bango: tafki, da ɗan tsibiri a tsakiya. Na dubi burodin da ke hannuna. Na dube ta. Tsohuwa, tafki, abin taunawa, tambayar suna. Ƙwarya kaɗai ta rage, sai ga ta ta miƙe tana ɗauraye kofi. Na cinye burodin, na miƙa hannu ta ƙara, na ce mata ni ɗan Afirka ne.

"Afirka ba gari ba ne, ɗana," in ji ta.

Na ce ban ji Turancin ba.

Da na gaya wa Sale sai ya ajiye cokali. Ya ce irin waɗannan tsofaffin su gwamnati take so, ba sa barci, suna zaune a taga suna ƙirga masu shiga da fita. Ya ce kada in daina zuwa kwatsam, za ta gane na gane. In riƙa zuwa, in bar ta ta yi ta magana, ni kuma in kama bakina. Da wannan shawarar na koma, wai ina leƙen asirin mai leƙen asirina. Duk yamma in na tattara tebur na yi magariba, sai in hau hawa na biyar in zauna a kujerar marigayi mijinta. Na riƙa ce mata Mama Nora don ta saki jiki.

Ba ta buƙatar a sake ta. Tana 'yar shekara goma sha tara ta baro ƙauyensu, amma tana ba da labarinsa kamar jiya ta fito. Ta ce gidajensu farare ne, an jera su a kan tudu suna fuskantar ruwa, gonaki ƙanana an raba su da katangun duwatsu, ba siminti ba laka, dutse a kan dutse kawai, iska tana wucewa ta tsakani amma ba sa faɗuwa. Ta ce kowace gona da sunanta, har wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba, kuma ta jero mini su daga bakin ruwa har gindin dutse, tana lumshe ido. Ta ce ruwan sama a can ba ya zuwa da lokaci, zama yake yi. Ta ce tafkin yana canza launi sau biyar kafin azahar, kuma a watan Mayu wasu ƙwari suna tashi daga cikinsa, kifi ya haukace yana tsalle, yara su gudu daga makaranta su je kamun ƙwarin don masunta. Wannan na gudun makaranta na yarda da shi nan take.

Sauran kuwa ina ji ina auna su. Ta ce a tsakiyar gonar ubanta akwai wata ƙaya guda ɗaya da ba wanda yake sarewa, garma ma zagaye ta take yi, saboda masu wurin ba sa son a taɓa ta. Na ce a raina, wannan tsamiyar bayan garinmu ce, wani ya tsegunta mata. Ta ce in lokacin yankan ciyawa ya yi, maza duka suna taruwa a gonar mutum ɗaya, gobe su koma ta wani, mata na dafa abinci. Na ce wannan ai gayya ce. Ta ce akwai wata rijiya da ake zagayewa ana addu'a, a ɗaura ƙyalle a reshen itacen da ke kanta. Na fara gumi. Duk abin da ta faɗa sai in ga ɗan'uwansa a ƙasarmu, sai na yanke cewa an ba ta wani littafi a ofishinsu, ta haddace al'adun Hausawa ta sa musu farar fata, don in ji daɗi in ce mu ma haka muke yi a gari kaza.

Abu ɗaya ne na tabbatar ƙarya ce tsagwaronta. Ta ce ba su da itace, ƙasa suke hurawa. Wai suna zuwa fadama su yanko baƙar ƙasa kamar tubali, su jingina ta ta bushe, su kwaso a kan jaki, da ita ake girki da jin ɗumi. Wai wutar gidansu ba ta taɓa mutuwa ba tun zamanin kakan kakanta, ana rufe ta da toka a kwana, da safe a tone. A gaban wannan wutar maƙwabta ke taruwa da hunturu, kakarta tana ba da labaran tafkin, kuma duk wanda ya zauna sai ya biya kuɗin zama da labari ko waƙa.

"Mama Nora," na ce, "ƙasa ba ta cin wuta. Ko ni da ban yi makaranta ba na san wannan."

Ta tashi ta buɗe wani gwangwanin biskit, ta ɗauko wani baƙin dunƙule da ɗan ƙaninta ya aiko mata. Ta ɓantari kaɗan ta sa a tsohon kasko ta kunna. Ya kama. Wani hayaƙi shuɗi ya tashi, mai ƙanshin ruwan fari da tsohon ɗaki. Ta sa fuskarta a ciki, na ga idanunta sun kawo ruwa. Ni kuwa ina karanta duk abin da na iya a zuci, don ban san ko turaren ɗaure baki ba ne. Na'urar hayaƙin da ke silin ce ta cece ni, ta fasa ihu, muka yi ta kaɗa mata tawul mu biyu.

Game da tambayar suna, ita da kanta ta ba ni dalili, ni ne ban karɓa ba. Ta ce a ƙauyensu rabin gari sunan zuriyarsu ɗaya, don haka ba a sanin mutum sai an jera shi da ubansa da kakarsa: wane na wane na wance. Mutumin da ba a san wa ya haifi nasa ba, ba a san inda za a ajiye shi ba. Na gyaɗa kai, a raina na ce ofishin imigireshan ma haka suke cewa.

Ana cikin haka ƙarshen Oktoba ya zo. Na shiga na tarar da ita da tabarau, da farar takarda mai layi-layi, da ambulan da aka riga aka manna wa kan sarki. Ta rubuta sunaye sun kai ashirin.

"Zauna, Tanko. Kakar nan taka mai tatsuniya, ta rasu ko?"

Sau ɗaya bakina ya taɓa kuɓucewa na ambace ta, ashe ta riƙe. Na ce ta rasu.

"Faɗa mini sunanta, da sunan garin. Gida zan aika."

Ta yi wani bayani a kan coci da tsibiri da wata, amma kunnena ya riga ya toshe. Takarda kawai nake gani, da biro, da ambulan. Na ce yau ranar ta zo. In na ba da sunan Kaka, za su bi ta kanta su gano uwata, su gano sunana na yanka, su gano bizar da ta mutu. Ina neman turmin da zan jefa mata, sai Dije ta faɗo mini. Ba ɗa, ba jika, duk wanda ya bi sawun sunanta zai je ya tarar da kango. Na ce, "Dije." Na ƙara mata da sunan wani gari da na taɓa kwana a tasharsa. Ta sa na maimaita sau uku, ta rubuta, ta lashi ambulan ta liƙe.

Mako biyu ina kwana da takalmi a ƙafa. Ba wanda ya zo. Sale ya ce in ga amfanin shawara, ni kuma na ce in ga amfanin kaka.

Abin da ban hango ba shi ne Mama Nora za ta kamu da son matar. Kullum sai ta ce, "Yau kai za ka biya kuɗin zama. Ba ni labarin Dije." Ni kuma ba ni da labarin Dije sai na tari da akuya. Dole na riƙa ɗebo na Kaka. Yadda take ɓoye mini ƙanzo a bayan randa in an hana ni tuwo. Yadda ta goya ni a baya ta yi tafiyar yini guda zuwa likita lokacin da kunama ta harbe ni. Yadda take wasa da kowa amma ba ta yafe kuɓewa. Duk na kwashe na ɗora wa Dije. Shekara uku ina wannan aikin. Duk sanda na ce "kakata Dije" sai in ji kamar an ɗaga tsinken kara a bayan wuyana.

A shekara ta huɗu ƙafafun Mama Nora suka gaza, aka turo Meri, 'yar ƙaninta, ta zo ta mayar da ita gida. Na ƙwanƙwasa, wata doguwar mata mai jan gashi ta buɗe, ta kama hannuna da hannu biyu.

"Kai ne jikan Dije."

Na ce ya aka yi ta sani.

Ta yi dariya. Ta ce duk ƙauyen sun sani. Ta ce a wurinsu watan Nuwamba na matattu ne, kowane gida yana rubuta nasa a takarda ya kai wa limamin coci, a yi wata guda ana ambatonsu a addu'a. Wanda yake ƙasar waje ya aiko tasa ta gidan waya. In ruwa ya kwanta kuma sukan shiga kwale-kwale su je tsibirin nan na cikin hoto, inda akwai kangon wani tsohon coci da kaburburan kakanninsu, su share, su karanta sunayen a can. Ta ce shekarar farko limamin ya yi tuntuɓe da sunan, mutane suka ɗago kai, bayan an tashi aka yi ta tambaya wace ce wannan. Nora ta rubuto musu wasiƙa mai shafi huɗu. Yanzu har yara sun san matar da ta goyi jikanta tafiyar yini guda a cikin rana. Dije ta Tanko suke ce mata, irin nasu kiran.

Ban san yadda na sauko benen ba. Na gaya wa Sale, ya ce, "To ai dai ba a kama ka ba."

Ban ce addu'ar coci tana isa ga Musulma ba, wannan fagen malamai ne, kuma ban tambaye su ba don kada su tambaye ni yadda aka yi. Na san dai da Kaka za ta ji, za ta fara da neman tsari, ta tofar da yawu, sannan ta ce, "Amma don me Dije?"

Kwana biyar suka rage kafin tafiyarsu. Gyaran abu ne mai sauƙi, suna ɗaya ne za a soke a rubuta wani. Sai dai kafin a soke dole in buɗe baki in gaya wa tsohuwar da ta ciyar da ni shekara huɗu cewa duk zaman nan kallon 'yar rahoto nake yi mata. Sau uku ina hawa da niyya. Na farko na tarar tana barci. Na biyu Meri tana nan. Na uku ba kowa, idonta biyu, ta ce in zauna, na zauna, na ba ta labarin farashin laima.

Yanzu ina da takardu, na bar tebur, jikokina suna unguwar Mount Hope. In na je nakan zaunar da su kusa da hitar ɗumama ɗaki in yi musu tatsuniyar tsohuwar tafki, su ji da Hausa su amsa da Turanci. Ban canza komai a cikinta ba, don Kaka ba ta yi ƙarya ba. Akwai masu tambayar suna don su cinye ka, na ga waɗanda aka kwashe daga unguwar nan saboda sun saki baki. Abin da ba ta gaya mana ba, ko ta faɗa ina can ina tonon gyaɗa, shi ne yadda ake gane wace tsohuwa ce a gabanka. Ni dai na iya jefa turmi. Wa ake jefa wa, har gemuna ya yi fari ban koya ba. In na kai wurin da ake ɗaga tsinke a nuna yaro, sai in tsallake.

Ranar tafiyarsu ni na sauko da Mama Nora a bayana tun daga hawa na biyar, don liftar ta sake lalacewa. Ba ta fi ƙunshin kara nauyi ba. Na zaunar da ita a motar Sale, na gyara mata bargo a gwiwa. Meri tana can tana faɗa da akwatuna. Na ja baya zan rufe ƙofa, sai ta riƙe hannun rigata, ta jawo ni kusa har ina jin numfashinta.

"Na san ba sunan kakarka ka ba ni ba, ɗana. Duk sanda za ka faɗe shi sai ka dubi ƙofa. Amma na bar shi a takardar. Na ce ko wace ce ita, wataƙila ba ta da kowa mai ambatonta."